Ciniki da Dodo: Tarihin Ɗan Kasuwa a Wasannin Almara

Duk wanda ya saba da wasannin almara a waya ko kwamfuta ya san tsarin: ka shiga rami, dodo ya tare hanya, ka sare shi, a ba ka maki da zinare. Mun saba da haka har muna ganin kamar da shi aka halicci wasan. Tarihi kuwa ya nuna akasin haka. A farkon lamarin, tayi da toshiyar baki da lallashi suna cikin ƙa'ida, daga baya ne suka ɓace, kuma ɗan kasuwa, wanda bai iya takobi ba, shi ne ya fi jin raɗaɗin ɓacewarsu.

A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka. Wasan tebur ne, ana yin sa da takarda da fensir da 'ya'yan ludo, mutum ɗaya yana zama alƙali yana ba da labari, sauran suna faɗin abin da jarumansu za su yi. Babu ɗan kasuwa a jerin jaruman farko, daga mayaƙi sai matsafi sai malamin addini. Amma lissafin wasan lissafin fatake ne. Kowane tsabar zinare da ka fito da shi daga rami yana ba ka makin ci gaba, kuma a bugun Tom Moldvay na 1981 kashe ƙaramin dodo irin goblin maki 5 kacal yake kawowa, alhali akwati mai zinare 500 yana kawo maki 500. Mai hankali ya san inda riba take. Faɗa asara ce da ake kauce mata in da hali.

Ƙa'idojin sun tanadi hanyoyin kaucewar. Idan aka yi kiciɓis da dodo, alƙali yakan jefa 'ya'yan ludo biyu don sanin yadda dodon ya wayi gari. A teburin Moldvay, sai an sami 2 dodo yake afkawa nan take, wato sau 1 cikin 36. Daga 6 zuwa 8 yana cikin shakka, daga 9 zuwa sama yana iya wucewa abinsa ko ya saurari tayi, kuma kwarjinin mai magana yana ƙara masa lamba. Littafin 1974 ma ya yi bayanin yadda za ka tsira in an biyo ka: yar da abinci yana tsayar da dodo marar wayo kashi 90 cikin ɗari, mai wayo kuwa kashi 10 kawai, shi sai dukiya ke tsayar da shi. Wannan ilimin ɗan kasuwa ne tsantsa, sanin abin da abokin ciniki yake so kafin ka buɗe jaka.

Me ya kawar da wannan tsari? Babban dalili yana wajenmu, mu masu rubuta manhaja. Lokacin da wasan ya koma cikin kwamfuta a farkon shekarun 1980, babu alƙali mai rai da zai saurari kowace dabara ya yanke hukunci. Sara lamba ce: a cire 7 daga 20, saura 13. Ciniki kuwa yana buƙatar dodo ya kasance da buƙata, da fushi, da farashin da zai ce albarka da wanda zai sallama, kuma kowace amsa sai an rubuta ta da hannu a na'urar da ƙwaƙwalwarta ba ta da yawa. Wizardry na 1981 ya bar ɗan gurbi, wani lokaci za ka gamu da ayarin dodanni masu son zaman lafiya ka zaɓi ƙyale su. Amma a Dragon Quest na 1986, wanda ya zama abin koyi a Japan, zinare da maki duk daga gawar dodo suke fitowa. Wasan tebur ɗin ma ya bi sahu: bugu na biyu na 1989 ya mayar da makin zinare zaɓi, na uku a 2000 ya ɗora makin a kan galaba a karawa. Dukiya ta koma ladan kisa.

Daga Japan ɗin dai gyara ya fara. A 1987 kamfanin Atlus ya yi Megami Tensei, inda ake iya magana da aljanu a tsakiyar faɗa a jawo su su zama abokan tafiya. A Shin Megami Tensei na 1992 abin ya zama ciniki sosai: aljani zai nemi kuɗi ko wani kaya, kuma yana iya karɓa ya gudu ya bar ka da hamma. Daren da wata ya cika ba ya sauraron kowa. Sai ɗan wasa ya koyi duba lokaci da halin wanda ke gabansa.

A 1990 Dragon Quest IV ya ba ɗan kasuwa babi guda sukutum. Torneko mutum ne mai tumbi da iyali, yaron shago a wajen mai sayar da makamai, matarsa tana ɗaure masa abincin rana kullum. Burinsa ya mallaki shagon kansa. Yana fita daji yana faɗa, amma manyan nasarorinsa ba da takobi ya same su ba. Ya nemo maginin da ya gyara gada, ya kai wasiƙu tsakanin masarautu biyu har yaƙin da ake shiryawa ya koma ɗaurin aure, ya sayi shago a birnin Endor, ya zuba jari aka haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa. A babin ƙarshe, in faɗa ya kaure, yakan saki barkwanci dodanni su fashe da dariya su rasa damar kai hari, ko ya rera waƙar reno su yi barci.

Torneko yana kuma ɗaukar 'yan rakiya da kuɗi, kuma nan ne ya kamata mu yi hattara. Recettear na 2007 ya ginu kan wannan: yarinya Recette tana riƙe da shago don biyan bashin mahaifinta, tana hayar jarumai su shiga rami, ita tana biye tana kwashe kaya. Hannunta bai taɓa jini ba, amma dodannin sun mutu duk da haka. A Moonlighter na 2018, na wani kamfanin Sifaniya, mai shagon da kansa yake rufe ƙofa da dare ya ɗauki takobi. Duka biyun suna da daɗin bugawa, sai dai dodo a cikinsu ma'adini ne da ake haƙa. Har yanzu bai zama abokin hulɗa ba.

Wanda ya kai maganar ƙarshenta shi ne Toby Fox da Undertale a 2015. Ana iya gama wasan ba a kashe ko ɗaya ba. Kowane dodo yana da abin da ke damunsa, in ka gano shi ka yi masa afuwa, zai bar maka zinare amma ba makin ci gaba. Can gaba wasan yake tona cewa makin da kake murnar tarawa ma'aunin kisa ne. Akwai gizo-gizo mai suna Muffet da ke tare hanya da haushin marowata. In tun farkon tafiya ka sayi donot ɗin zinare 7 a wajen danginta, ka fito da shi ka ci a gabanta, rigimar ta mutu. Alherin da aka shuka a ƙaramin ciniki ya biya a ranar tsanani. Minecraft ma, a sabuntawar 2020, ya kawo piglin: sa sulken zinare su ƙyale ka, miƙa musu curin zinare su jefo maka kaya.

Abin da wannan tarihi yake nuna mana shi ne ɗan wasa yana bin abin da ake ƙirgawa. Da aka ƙirga dukiyar da aka fito da ita lafiya, mutane sun koyi tayi da haƙuri da sanin lokacin gudu. Da aka ƙirga gawa, sun koyi sara. Yaranmu da ƙannenmu suna shafe awoyi a cikin waɗannan duniyoyi, suna maimaita darasi guda game da abin da ake yi wa baƙon da ya tare hanya. Na'urorin yau ba su da uzurin ƙarancin ƙwaƙwalwa irin na 1986. Duk mai zana wasa a cikinmu da ya ba dodo lambar lafiya kawai, bai ba shi yunwa ko bashi ko farashi ba, zaɓi ya yi, kuma ya rufe wa ɗan kasuwa ƙofar da littafin 1974 ya bari a buɗe.