Hannun da Ke Rufe Ƙofar Kaya

Idan maniyyatan Birnin Kudu da Gwaram suka hau jirgi a filin Dutse, wanda aka gina a zamanin Gwamna Sule Lamido ɗan Bamaina, iyalansu kan yi wa matuƙi addu'a. Ba kasafai ake tuna mutumin da ke ƙarƙashin jirgin ba, wanda ya jera jakunkuna ya kuma rufe ƙofar ɗakin kaya. Alhali ran duk wanda ke sama yana rataye da wannan rufi, kuma duniya ba ta gane haka ba sai da aka yi asarar rayuka.

Jirgi na ƙara nisa sama, iskar waje na raguwa, ta ciki kuwa tana danna jikinsa tana neman mafita. Ƙofar kaya ta jirgi samfurin DC-10 waje take buɗewa, don haka ƙugiyoyi da sakatu ne kaɗai ke riƙe ta. Aibinta shi ne ana iya danne mariƙinta da ƙarfi, ta yi kamar ta kulle alhali ƙugiyoyin ba su gama kamawa ba.

Ranar 12 ga Yuni, 1972, wani ma'aikaci a filin jirgin Detroit ta Amurka ya ga mariƙin ya ƙi, sai ya sa gwiwa ya danne shi. Jirgin na American Airlines na kan garin Windsor na Kanada ƙofar ta fizge. Allah ya yi da sauran kwana, matuƙin, Bryce McCormick, ya sauko da shi ba a rasa rai ba. A watan nan wani injiniya mai suna Dan Applegate ya rubuta wa shugabanninsa cewa muddin ba a gyara ba, wata rana sai an rasa jirgi sukutum. Takardar ta kwanta a ofis. Hukumar jiragen saman Amurka ma ba ta wajabta gyara ba, sai ta amince da alkawarin baki daga kamfanin McDonnell Douglas. Cikin ɗan abin da aka yi har da huda ƙaramar taga a ƙofar, don mai rufewa ya leƙa ya ga ko sakatun sun shiga.

Ranar 3 ga Maris, 1974, jirgin kamfanin Turkiyya ya tashi daga filin Orly na Paris zuwa Landan. Cikin 'yan mintoci ƙofar baya ta ɓalle, daɓen da fasinjoji ke kai ya rufta ya tsinke wayoyin da matuƙi ke sarrafa jirgin da su. Ya faɗa dajin Ermenonville, mutum 346 suka rasu.

Da farko yatsa ya nuna mai lodin da ya rufe ƙofar. Ko a gari, idan abu ya ɓaci, na ƙasa ake fara kamawa. Amma bincike ya gano ba wanda ya taɓa gaya masa amfanin tagar nan, kuma umarnin da aka manna a ƙofar da Turanci da Turkanci yake, shi kuwa ba ya karanta ko ɗaya daga cikinsu. Har wani ƙarfen ƙarfafawa da takardun kamfani suka ce an sa, ashe ba a sa ba. Duk majiyyacin da aka taɓa miƙa wa magani da takarda a harshen da ba ya ji ya san irin wannan duhu. Bayan hatsarin ne aka wajabta gyaran ƙofofin, aka kuma tilasta ƙarfafa daɓen manyan jirage.

Namu rabon na baƙin ciki ya zo ta wata fuskar aikin ƙasa. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgi DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi haya don kwaso alhazan Nijeriya, ya shirya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Babban makanike ya nemi a ƙara wa taya iska, amma jami'in da ke kula da jigilar ya ga lokaci na ƙurewa, aka sallami jirgin haka. Tayoyi biyu suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutarsu. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya tsira. A Paris ma'aikaci bai sani ba. A Jidda ya sani, ya faɗa, gaggawa ta rinjaye shi. A ganina na biyun ya fi ciwo.

Wanda ke da ɗa ko miji a wannan aiki, a Dutse ko a filin Malam Aminu Kano, ya san jikinsa ma yana biya. Ƙarar injin tana cin ji a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ɗaga kaya a durƙushe cikin ɗaki maras tsawo yana karya baya. A tambaye shi ko yana sa abin toshe kunne, ko an taɓa gwada jinsa a asibiti, ko an koya masa rufe ƙofar kowane samfurin jirgi da harshen da yake ganewa, da kuma wa yake sanar wa idan mariƙi ya ƙi.