Peugeot 504 da ciwon injinta

Duk wanda ya yi wayo kafin shekara ta 1990, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya san Fijo. Har yau idan dattawa suka tuna ta, sai ka ji ana cewa mota ce da ba ta lalacewa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana tauye hakkin waɗanda suka yi ta jinyar motar shekara da shekaru. Fijo tana lalacewa, cutarta ma sananniya ce.

An fara ƙera 504 a Sochaux ta ƙasar Faransa a 1968, domin iyalin Bature mai matsakaicin hali. A 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci gasar Safari ta Kenya, shekarar da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna. Ta hanya biyu ta shigo mana. Wasu daga kudu, na Kaduna. Sauran daga arewa: samarin Turawa kan sayi tsohuwa da araha, su keto hamada ta Tamanrasset, Assamaka, Arlit da Agadas, su sayar, su koma gida a jirgi. Wannan fatauci ya mutu a farkon shekarun 1990, lokacin da tawaye a arewacin Nijar da yaƙin basasar Aljeriya suka rufe hanyar. Ke nan da yawan Fijon da muka sani sun iso ne da gajiya, bayan sun gama hidimar wani.

Babban makiyin injinta zafi ne. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa, wanda Faransawa ke kira culasse, alminiyom ne, kuma ƙarafan biyu ba sa buɗewa daidai idan sun ji wuta. Da ruwa ya tafasa, sai kan ya lanƙwashe, shimfiɗar da ke tsakaninsu ta ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Direba ya zaro sandar awon mai, ya ga ya koma kamar shayi da madara, ya san an yi asara. Me ke kawo tafasar? Sau da yawa fanka ce. An yi ta ne da wata dabara ta maganaɗisu, ba ta kama aiki sosai sai inji ya yi zafi, dabarar da ta dace da sanyin Faransa. A nan kuwa ƙura kan kashe ta, ruwan rijiya kuma ya toshe lagireto da ƙanzo. Mai injin gazuwal ta fi rashin haƙuri: zafi ɗaya na iya tsaga mata kai. Tsatsa ma tana cin gindinta, sai dai wannan cuta ce da ta zo da ita daga gishirin titunan Turai, busasshiyar iskarmu ba ta ƙara mata sosai ba.

To, me ya sa ta daɗe? Domin kowane ciwo nata hannu yana iya kai masa. Bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, chemise da Faransanci, wato riga, ana zare shi a sa sabo, injin ya dawo ɗanye ba tare da an jefar da gangar jiki ba. Makanikan bakin tasha, waɗanda akasarinsu ba su taɓa zama a aji ba, su suka gane su ɗaure fankar ta dinga juyawa koyaushe, su cire abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Injiniyan Sochaux ba zai amince da wannan ba, amma ba shi ke ɗaukar mutum tara da buhunan gero daga Dakwaro a watan Afrilu ba.

Turai ta daina ƙera ta a 1983, Kaduna ta ci gaba da fiye da shekara ashirin bayan haka. Daga baya tsofaffin motocin Japan da ake saukewa a tashar Kwatano suka cika kasuwa, Fijo ta koma bayan gareji, ana cire mata sassa ɗaya bayan ɗaya.