Ƙashin Ƙugu da Doguwar Naƙuda: Tarihin Bincike

Ƙashin ƙugu shi ne zoben ƙashin da ke ƙasan gadon baya, wanda cinyoyi biyu suke maƙale da shi, yake tallafe da hanji da mafitsara da mahaifa. Siffarsa kamar akushi ne da aka fafe gindinsa, kuma sunan da likitoci ke kiran sa da shi daga Latin ya fito, ma'anarsa daro. A jikin mace aiki biyu ya haɗu a kansa: shi ke ɗaukar nauyin jiki idan ana tafiya, ta cikinsa kuma jariri ke fitowa duniya. Tarihin bincike a kansa ya bi hanya biyu, ta masu tonon tsofaffin ƙasusuwa da ta likitocin haihuwa. Ɗaya daga cikin wuraren da hanya ta biyu ta ratsa ita ce ƙasar Katsina.

Abin da masu tono suka samu

A 1947 Robert Broom da John Robinson suka tono wani ƙashin ƙugu a kogon Sterkfontein na Afirka ta Kudu. Gajere ne mai faɗi irin na mutum, ba dogo miƙaƙƙe irin na biri ba, alhali ƙoƙon kan halittun da ake samu a wurin ƙarami ne ƙwarai. Daga nan masana suka fara yarda cewa tafiya da ƙafa biyu ta riga girman ƙwaƙwalwa zuwa. Hujjar ta ƙara ƙarfi a watan Nuwamba na 1974, lokacin da Donald Johanson ya gano ƙwarangwal ɗin da ake kira Lusi a Hadar, cikin ƙasar Habasha. Habashawa kuwa Dinkinesh suke ce mata. An ƙiyasta shekarunta miliyan 3.2, an kuma samu kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasusuwanta, har da rabin ƙugu. A 1986 Robert Tague da Owen Lovejoy suka auna wannan ƙugu suka ce ƙofarsa mai faɗi ce daga dama zuwa hagu, matsattsiya daga gaba zuwa baya, don haka jariri a karkace yake ratsa ta tun daga sama har ƙasa.

Mafi kusa da mu a irin wannan tono shi ne Cadi, inda a 2001 wani ɗan ƙasar, Ahounta Djimdoumalbaye, da ke aiki da tawagar Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai a hamadar Jurab, mai shekaru wajen miliyan 7. Ba a samu ƙugunsa ba. Mai karatu na da 'yancin fahimtarsa game da abin da waɗannan masana ke ginawa a kan asalin ɗan Adam. Ma'aunin ƙashin mace mai rai dai abu ne da kowace ma'aikaciyar ɗakin haihuwa ke gani da idonta.

Ga yadda abin yake a jikin mutum. Mashigar ƙugu ta fi faɗi daga gefe zuwa gefe, mafitarsa kuma ta fi faɗi daga gaba zuwa baya. Kan jariri ya kusa cike hanyar dam. Saboda haka sai ya shiga yana kallon kuiɓin uwarsa, ya sunkuyar da haɓa, ya murɗa a tsakiyar hanya, ya fito fuskarsa na kallon bayanta, sannan ya sake juyawa don kafaɗu su wuce. Ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, shi ya sa ake ganin maɗiga na motsi. Suna ɗan hawan juna don kan ya matsu.

A 1960 Sherwood Washburn, Ba'amurke, ya ba wannan matsi bayanin da ya shahara: tafiya na son ƙugu matsattse, babban kai na son mai faɗi, sai aka yi sulhu, jariri ya fito tun bai ƙosa ba. Karen Rosenberg ta Jami'ar Delaware, wadda ta yi digirinta na uku a kan ƙugun mutanen zamanin da, waɗanda ake kira Niyandatal, ta haɗa kai da Wenda Trevathan, masaniyar da ta koyi aikin ungozoma, suka ƙara wani abu: tun da jariri baya yake ba uwarsa, da wuya ta tallafo shi da kanta ko ta warware masa cibiya daga wuya, don haka neman mai taimako wajen haihuwa tsohon hali ne na ɗan Adam. Daga baya an ƙalubalanci Washburn. Holly Dunsworth da abokan aikinta sun ce a 2012 ƙarfin jikin uwa na ciyar da ciki ne ke kai iyaka, ba ƙashi ba. Anna Warrener ta gwada maza da mata suna tafiya da gudu, ta wallafa a 2015 cewa faɗin ƙugu bai sa mutum ƙona ƙarfi fiye da kima ba. Har yau ana wannan muhawara.

A ƙasar Hausa

Idan Bahaushe ya ce mace tana kan gwiwa, naƙuda yake nufi, domin a durƙushe ake haihuwa a gargajiyance. A ƙauyukan Kankiya da Kusada, kamar sauran ƙasar Katsina, al'ada ce mai cikin fari ta koma gidan iyayenta goyon ciki. Sai dai kunya ta hana ta nuna ciwo, sau da yawa takan shige ɗaki ta danne nishi, ungozoma kuwa galibi sai ɗa ya faɗo ake kiran ta, ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka. Wannan ya ɗan saɓa wa zancen Trevathan, kuma a nan haɗarin yake: babu mai lissafa awannin da aka kwashe.

In kai ya fi ƙarfin hanya, sai ya cije. Mahaifa na ci gaba da turawa, kan yana danne mafitsara da bangon farji a jikin ƙashin mara, jini ya daina isa wurin. Kwana biyu, uku, naman ya mutu. Jaririn ma yawanci ba ya rayuwa. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube ya bar rami, fitsari ya riƙa bin ƙafa dare da rana, zani ba ya bushewa, tabarma ba ta bushewa. Wannan shi ne yoyon fitsari. Wani lokaci yankan gishiri, wanda ake yi da aska da nufin buɗe hanya, shi ke huda mafitsarar. Cutar ba sabuwa ba ce: an ga irin wannan rami a gawar Henhenit, matar wani Fir'auna da ta rayu shekaru wajen 4,000 da suka wuce, mai matsattsen ƙugu, kuma Ibn Sina ya ambaci lalurar a littafinsa na likitanci.

Binciken da ya fi haska lamarin a Arewa shi ne na Farfesa Kelsey Harrison a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ya bi diddigin haihuwa 22,774 a ƙarshen shekarun 1970, ya wallafa sakamakon a 1985. Ya nuna cewa mafi yawan masu mutuwa su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai abu ya lalace aka kawo su, kuma gajerun 'yan mata masu ƙananan shekaru sun fi shiga haɗarin cijewar kai. Ya kuma ga wani abin mamaki: 'yan matan da aka ba maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Ma'ana jikinsu bai gama gini ba. An san ma cewa ƙugu na ci gaba da buɗewa shekaru bayan fara al'ada. Yarinyar da yunwa da zazzaɓi suka tsumburar tun tana ƙarama, da wannan ƙugun za ta je ɗakin haihuwa. A ganina wannan sakamako na Zariya ya fi duk wata muhawara a kan Lusi amfani ga magidanci a Kusada.

Wani da ya haɗa nazarin al'adu da likitanci a rayuwarsa shi ne Lewis Wall. Ya zo yankin Malumfashi a shekarun 1970 a matsayin ɗalibin nazarin al'adu, yana binciken magungunan Hausawa. Abin da ya gani ya sa ya koma ya karanta likitanci ya zama likitan mata, kuma yana cikin waɗanda suka kafa asibitin yoyon fitsari na Danja, kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe a 2012.

A Katsina kuwa labarin na Babbar Ruga ne, asibitin kutare a hanyar Batsari. Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya iso a 1983 don aikin kuturta, sai ya tarar da mata masu yoyo ba mai duba su. Ya kama ɗinki, ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci da ma'aikatan jinya daga ƙasashe da dama, aikin ya bazu zuwa asibitin Murtala na Kano da wasu garuruwa. Ya kuma nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da wuri, tun ramin yana sabo, wasu kan warke ba tare da tiyata ba. Yanzu Babbar Ruga cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya.

Maganin cijewar kai tiyata ce a kan lokaci, kafin nama ya mutu. Masana sun lissafa jinkiri uku da ke hana hakan: kafin a yanke shawarar fita, kafin a isa asibiti, da kafin a samu kulawa bayan an isa. Kankiya na bakin titin Katsina zuwa Kano, tana da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya da ke yaye ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara. Ga matar da ke wani ƙauye a cikin Kusada, da damina, lissafin ya haɗa da jiran izinin maigida in ya yi nisa, da neman mota cikin dare, da kuɗin mai, da wanda zai ba da jini.