Mary Onyali da Tagullar da Ta Buɗe Ƙofa

Nijeriya ta fara halartar gasar Olamfik a shekarar 1952 a birnin Helsinki, amma sai da aka yi shekara 40 kafin wata mace 'yar ƙasar ta rataya lamba a wuyanta. Duk lambobin da aka samo kafin nan, tun daga tagullar da ɗan dambe Nojim Maiyegun ya ciwo a Tokyo a 1964, maza ne suka kawo su. A ganina, wanda yake son fahimtar tarihin mata a wasannin Nijeriya, daga Barsalona ta ƙasar Sifaniya ya kamata ya fara, a 1992.

A can ne mata huɗu, Beatrice Utondu da Faith Idehen da Christy Opara-Thompson da Mary Onyali, suka kai zagayen ƙarshe na tseren miƙa sanda, inda kowace take gudun mita 100. Wannan tsere ba sauri kaɗai yake bukata ba. Dole sanda ta fita daga hannu zuwa hannu a cikin ɗan tazarar da aka shata, alhali mai bayarwa da mai karɓa duk suna cikin gudu. Kuskuren mutum ɗaya yana rushe wahalar mutum huɗu. Onyali ce ta karɓi sandar a ƙarshe, suka kammala cikin daƙiƙa 42.81, a bayan Amurka da haɗaɗɗiyar tawagar ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet.

An haifi Onyali a 1968, kuma tun tana da shekara 19 ta ci zinare a tseren mita 200 a Wasannin Afirka na Nairobi a 1987. A 1994 ta lashe mita 100 a wasannin ƙasashe renon Ingila a Kanada. A Atlanta a 1996 ta zo ta uku a mita 200, bayan Marie-José Pérec ta Faransa da Merlene Ottey ta Jamaika. Sai dai wannan nasara ta faɗo a shekarar da Chioma Ajunwa ta ci zinare a dogon tsalle, 'yan ƙwallonmu kuma suka doke Ajantina, don haka hasken zinare ya dusashe na tagulla.

Ni da tsararrakina ba mu ga gudunta da idonmu ba, amma abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinta shi ne daɗewa. Gudun gajeren zango sana'a ce mai saurin cinye ƙarfin mai ita. Duk da haka ta halarci Olamfik sau biyar a jere, daga Seoul a 1988 har Atina a 2004. A 2003 kuwa, tana da shekara 35, ta lashe mita 100 da 200 a Wasannin Afirka a Abuja, a gaban 'yan ƙasarta.

Akwai tambayar da wannan tarihi yake tilasta mana mu yi: a ina aka rene ta? Ƙasar haihuwa ta gano baiwarta, amma a Jami'ar Texas Southern da ke Houston ta goge. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022, ita ma a jihar Texas ta yi karatu. Tsakaninsu akwai shekaru kusan 30, hanyar kuwa ba ta canza ba. Muna girbi a gonar da wasu suka nome, shi ya sa damina takan yi mana kyau bana ta ƙi baɗi, kamar yadda tawagarmu ta dawo daga Faris a 2024 hannu rabbana.

Matan Barsalona sun miƙa sandarsu lafiya. Abin da ya rage shi ne filaye da masu horarwa a makarantunmu, domin yarinyar da take tsere wa sa'o'inta yau ta sami wurin da za ta karɓe ta a gida.