Wanda Ya Yanka Fili da Wanda Aka Bar wa Lambatu: Tarihin Tsara Bompai da Sharaɗa da Chalawa



Duk wanda ya bi titunan Sharaɗa da tsakar rana, lokacin da leburori suka fito cin abinci, zai ga abin da ya sa na zaɓi wannan magana. Zai tarar da mutane tsugune a gindin katangar masana'anta, kowa yana neman 'yar inuwa, mai tuwo ta kafa rumfarta a kan lambatu. Tambayata ita ce: yaya aka yi aka auna wa injuna fili har da taswira, amma ba a ware wa masu juya su wurin zama ba? Amsar tana cikin tarihin hukumomin da suka riƙe ƙasar Kano.

Mu fara da birni. Ganuwar da aka soma a zamanin Sarki Gijimasu, sarakunan baya kuma suka faɗaɗa ta, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Akwai gonaki da makiyaya da kududdufai, ga kuma Dala da Goron Dutse. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya zo a 1851, ya tarar da babban sashe na cikin ganuwa fili ne fetal. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ke ɗauke da sunansa. Marina da majema da maƙera kowannensu da unguwarsa. Abin lura shi ne, hannun da ke ba da fili shi ne kuma ke tsare kasuwa da hanya da filin idi.

Turawa sun ci Kano a 1903, suka yi barikinsu a gabas da birni, wajen Nasarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin baƙi. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta sa Waje a hannun Joji, birni kuwa a hannun Sarki da En'e. Ƙa'idar lokacin ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. Filayen farko da aka auna aka bari ba gini a Kano ta zamani ke nan, kuma ba don jama'a su sha iska aka bar su ba, sai don a nisanta su. Filin sukuwa da filin golf da kulob kuwa, duk a gefen bariki suke.

A nan ya kamata a yi wa En'e adalci, ko da yake laifuffukanta ba ɓoyayyu ba ne. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, Baitulmalin Kano ne ya ɗauki nauyin aikin ruwa da lantarki na Chalawa a farkon shekarun 1930, aka jawo ruwan kogi zuwa tanki a kan Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin gari. En'e ce ke riƙe da asibitin birni, a zamaninta kuma aka sake gina Babban Masallaci, aka buɗe shi a 1951. Tana da ma'aikatar ayyuka tata, da magina da masu safiyo. Watau hukuma ɗaya ke karɓar haraji, ita ke zana gini, ita ke gina shi, ita kuma za a kai wa kuka in ya lalace. Ku riƙe wannan, domin shi ne abin da ya ɓace daga baya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara yanka fulotan masana'antu a Bompai, kusa da tashar jirgi da kantunan Turawa da na Kwarori. Matsar man gyaɗa da jima da saƙa da yin sabulu da alewa suka samu gindin zama. Da gari ya soma cin ƙarfin tsohon tsari, sai aka kafa hukumar tsara Kano da kewayenta, wadda ta fitar da shirin nan na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, da ake kira da sunan Trevallion, Baturen da ya jagoranci aikin. Shirin ya rarraba ƙasa bisa ga amfaninta, nan gidaje, can ciniki, can kuma masana'antu, da wuraren da za a bari ba gini. Shekara huɗu kacal da farawarsa aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, garin ya zama hedkwata, sa'an nan kuɗin man fetur ya kwararo. Lissafin da aka yi wa gari ɗaya sai ya zama ana auna wani gari dabam da shi.

Cikin wannan yanayi ne aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, a kudu maso yammacin birni, daga baya kuma Chalawa, can gaba kusa da kogi. Dalilan zaɓen a bayyane suke: ga layin dogo, ga ruwa, ga gonaki masu sauƙin karɓa. Amma a duba. Bompai tana ta gefen da iskar hunturu ke fitowa, Sharaɗa da Chalawa kuwa ta gefen iskar damina, saboda haka kowane lokaci na shekara akwai warin da ke da hanyar shiga gari. Batun ruwa ya fi wannan muni. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, inda manoman rani ke ban-ruwan latas da kabeji. Na Sharaɗa yana bin Salanta ya shiga kogin Chalawa, na majemun Chalawa ma haka, alhali kuwa matatar ruwan sha ta Tamburawa tana ƙasa da su. Jimar zamani ba da bagaruwa ake yin ta ba, da gishirin wani ƙarfe ne da ake kira kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa, sai dai ya kwanta a ƙasa da laka. An yanka fuloti, an ja waya, an bar kowane mai masana'anta ya san yadda zai yi da ƙazantarsa.

Ba a ce ba a yi wa jama'a kome ba. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, ya gina Gidan Zu a farkon shekarun 1970, ba nisa da Sharaɗa, har yau kuma yara na cika shi da salla. Sai dai aikin gwamnatin jiha ne, kuma wurin ziyara ne da kuɗin shiga, ba inuwar da lebura zai zauna minti talatin ba.

To, ina ƙaramar hukuma a cikin wannan duka? Gyaran 1976 ya rushe En'e, ya kafa ƙananan hukumomi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. Tsarin mulkin 1979, da na 1999 bayansa, suka lissafa wa ƙaramar hukuma ayyukanta: tituna da magudanan ruwa, lambuna da filayen shaƙatawa, kasuwanni da tashoshin mota, makewayi na jama'a, da kwashe shara. Ku dubi wannan rabo da kyau. Mai iko da fili ba shi aka ɗora wa lambu ba, wanda aka ɗora wa lambu kuma ba shi da taƙi ɗaya na fili sai ya roƙa. Ga shi kuma an yanyanka Kano da kewayenta gida takwas: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Bompai ta faɗo a Nasarawa, Chalawa a Kumbotso, lambatu kuwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba.

Da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, wutar lantarki ta yi ƙaranci, kayan waje suka cika kasuwa, masana'antu da yawa suka rufe, musamman na saƙa. Waɗansu gine-ginen sun koma rumbunan ajiye kaya. Gonakin da suka raba Sharaɗa da birni sun zama unguwanni, gidaje sun jingina da katangun majemu, kuma mafi yawansu a kan filayen da manoma suka yanka suka sayar da kansu, ba tare da an bar gurbin makaranta ko ɗakin shan magani ba.

Ga ma'aikatan filaye da na ƙananan hukumomi da ke cikin zauren nan, akwai aiki guda da za a iya somawa ba tare da jiran sabuwar doka ba: a fito da tsofaffin taswirorin waɗannan rukunoni uku, a bi su fuloti bayan fuloti, a rubuta wane fili ne aka ware wa jama'a tun farko, me ke kansa yau, wane ne kuma ya sa hannu aka sauya shi.