Bakolori da manhajar ofishinmu: me ya sa aikin daki-daki ke ba mu wuya?

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yi sharhi.

Kwanakin baya aka saka ni cikin wani kwamiti a wurin aikinmu. An ba wasu matasa aikin gina manhajar da za ta riƙa ajiye rajistar manoma da gonakinsu. A zaman farko shugabansu, yaro ne da bai wuce shekara 30 ba, ya miƙe ya ce: "Ranka ya daɗe, mu dai roƙonmu a bar mu mu riƙa kawo abin da muka gina duk bayan mako biyu, malaman gona su gwada, su faɗa mana inda muka kauce." Maigidanmu ya dube shi ta saman tabarau ya ce: "Yaro, an ba ku wata tara. Ku je ku gama, ranar ƙaddamarwa mu gani." Aka yi dariya, aka tashi.

Ni ban yi dariya ba, domin Bakolori ce ta faɗo mini a rai. An haife ni a 1980, shekarar da aka zubar da jini a can, kuma na tashi ina jin labarin a bakin iyayenmu na Talata Mafara da Maradun.

Ga tarihin a taƙaice ga yaranmu da ba su sani ba. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan kwarin kogin Sakkwato da Rima. Shawararta ita ce a gina ƙaramin dam a Bakolori, a bi aikin ban-ruwa sannu a hankali, saboda yankin bai saba da irin wannan babban aiki ba. Sai kuɗin fetur ya shigo. Aka ba kamfanin Impresit Bakolori aikin, wanda gwamnatin tarayya ta haɗa hannu da wani reshen Fiat na Italiya wajen kafa shi, ƙaramin dam ya rikiɗe ya zama ƙato. An fara gini a 1974, aka gama a 1978: bango mai tsawon kilomita biyar da rabi, tafki mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, wanda ya shanye ƙasa wajen hekta 8,000. Aka tashi mutane kimanin 13,000. An yi niyyar shayar da hekta 30,000 a ƙasashen Maradun, Talata Mafara da Bakura, aka shimfiɗa kimanin 23,000, kuma wajen 15,000 daga ciki da injinan feshin ruwa za a shayar da su.

A takarda komai ya yi kyau. Amma an zana taswirar ne gaba ɗaya tun farko, manomin da za a yi wa aikin bai ga komai ba sai da katafila ta shigo gonarsa. Aka sare ɗorawa da sauran itatuwan amfani, aka baje iyakokin gonaki, aka hana mutane shuka damina bayan damina ana jiran a gama daidaita ƙasa. Da aka zo mayar da gonaki sai rajista ta rikice, wani ya samu ƙasa da tasa, wani ya tarar an rubuta sunan wani a wurinsa. Diyya ta zama abin da ta zama. Manoma suka tare hanyoyi suka tsayar da aiki. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, manoma da masu bincike suka ce sun haura 380. Allah ya jiƙansu.

Injinan feshin nan kuma fa? Suna buƙatar wuta ko gas da kayan gyara daga waje. Kafin farkon shekarun 2000 sun tsaya, noman ya koma 'yan dubban hekta da ruwa ke gangara musu ta kwalbati. Mutanen fadamun da ke ƙasan dam, waɗanda ambaliyar kowace shekara ke ba su shinkafa da kifi, su ko lissafi ba a saka su ba. Sai a 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na kimanin dala miliyan 495 domin gyara Bakolori da wasu wuraren ban-ruwa na Arewa, kuma cikin ginshiƙansa har da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, wato a ba manomi baki a harkar. Shekara 45 bayan rahoton 1969 aka dawo kan abin da ya faɗa.

To mene ne haɗin wannan da manhaja? Masu gina manhaja ma sun yi nasu Bakolorin, ba ɗaya ba. Tsohon tsarinsu shi ne a rubuta duk buƙatu a babban kundi, a zana, a gina, a gwada a ƙarshe, sannan a miƙa. Suna kiransa tsarin gangaren ruwa, don ruwan da ya gangara ba ya komawa sama. Winston Royce da ya bayyana shi a 1970, shi da kansa ya yi gargaɗin cewa bin sa a haka yana da haɗari. A Ingila an fara babban shirin haɗa bayanan asibitoci a kwamfuta a 2002, aka rushe shi a 2011 bayan ya laƙume wajen fam biliyan 10. A Amurka hukumar FBI ta yi watsi da wata manhajar ajiye bayanan bincike a 2005 bayan kashe dala miliyan 170.

Irin wannan asara ce ta sa a watan Fabrairun 2001 mutum 17 daga cikin masana harkar suka haɗu a Snowbird ta jihar Yuta, suka fitar da 'yar gajeriyar sanarwa kan tsarin da ake kira ajayil, ni kuma nake ce masa aikin daki-daki. Ma'anarsa a sauƙaƙe: gina ɗan ƙarami mai aiki, ka kai wa mai shi ya gwada, ka ji ƙorafinsa, ka gyara, ka ƙara. Manhajar da ke aiki ta fi tarin takardu, zama da mai aiki ya fi jayayya kan kwangila, kuma idan buƙata ta canza a bi ta. Da FBI ta koma wannan tsari a 2010, sabuwar manhajarta ta fara aiki a 2012.

Abin da yaron nan ya roƙa ke nan. Na zauna da su sau da dama bayan haka, kuma ga abin da na ga yana tare musu hanya.

Na farko, kwangila da kasafi. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, da irinta da jihohi suka yi, an gina su ne da tunanin titi da ajujuwa: a faɗi adadi, a faɗi farashi, a zo a auna, a biya. Mai binciken kuɗi yana son ya ga abin da aka rubuta ranar farko shi aka kawo ranar ƙarshe. Idan malamin gona ya ce shafin nan ba shi da amfani aka cire, gobe sai ka ga takardar tuhuma. Ga kuɗi ba ya fita kan lokaci, a yi wata uku shiru, sannan a ce a gama kafin Disamba.

Na biyu, babu mai aikin. Tsarin yana buƙatar mutum ɗaya daga ɓangarenmu mai ikon cewa a fara wannan, a jinkirta wancan, kuma a same shi kowane lokaci. Mu kuwa wanda ake turawa zama ba shi da iko, mai ikon ba shi da lokaci. Tambayar da za a amsa cikin minti biyar sai ta shiga fayil, ta hau wurin darakta, ta hau wurin babban sakatare, ta dawo bayan mako uku. Zangon mako biyu ya riga ya wuce.

Na uku, kuma wannan ya fi ci mini rai, tsoron faɗin gaskiya. A tsarin Scrum ana ɗan tsayuwa na minti 15 kowace safiya, kowa ya faɗi inda ya maƙale. An raine mu da kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau. Amma wane ƙaramin ma'aikaci ne zai ce "ban iya ba" a gaban maigida? Na ga ranar da wani babba ya shiga tsayuwar tasu, minti 15 ya koma awa ɗaya da rabi na faɗa. Tun daga ranar kowa "komai lafiya" yake cewa. Haka aka riƙa aika wa Legas da "komai lafiya" daga Bakolori har ranar da aka tare hanya.

Na huɗu, isa wurin mai amfani. Manomin da ake yi wa rajistar yana ƙauye, hanyar ba ta biyuwa kowane lokaci saboda matsalar tsaro, musamman ɓangaren Maradun. Kowa ya tuna yadda aka rufe layukan waya a Zamfara daga 3 ga Satumba 2021 aka yi makonni babu sabis. Ga wuta. Yaran nan rabin kuɗinsu a man janareta da data yake tafiya.

Na biyar, ɗaukar suna a bar aiki. Za a manna takardu masu launi a bango, a yi bita a otel, a raba satifiket, amma shawara tana nan inda take, a sama. Da an canza shugaba kuma sai sabo ya ce a fara daga farko da nasa mutanen.

Kada wani ya ce na ce a gina bangon dam mako biyu-biyu. Akwai aikin da dole a gama lissafinsa kafin a zuba siminti. Amma rabon gonaki, da zaɓen hanyar shayarwa, da biyan diyya, duk ana iya farawa da hekta 500 a gani. Da an yi haka, da matsalar injinan feshi ta fito tun tana ƙarama, da rikicin rajista ya tsaya a ƙauye ɗaya. Manhaja kuwa ba siminti ba ce, gyaranta a mako na biyu ya fi araha nesa ba kusa ba kan gyaranta a wata na tara.

Abin da na iya yi a matsayina kaɗan ne. Na roƙi maigida ya bar ni in zama mai amsa tambayoyinsu, kuma ya yarda a gwada da gunduma ɗaya da malaman gona huɗu. A gwajin farko aka gano manhajar ba ta da wurin rubuta gonar gado da magada da yawa ke nomawa tare, ba ta kuma bambanta mai gona da mai haya ko jingina. Irin wannan ruɗani ne ya haɗa 'yan uwa faɗa a 1979. Kwana huɗu suka gyara shi.

Yaranmu na Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara da na Jami'ar Tarayya ta Gusau suna fitowa da ilimin nan. Mu da ke riƙe da fayil mu ne za mu buɗe musu ƙofa ko mu rufe. 'Yan uwana ma'aikata, musamman na sashen kuɗi da na sayen kaya, ina son jin ta bakinku: ta wace hanya za a rubuta kwangilar manhaja a biya ta zango-zango ba tare da an saɓa doka ba? Wanda ya taɓa yi ya faɗa mana.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Bakolori, ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, ya sa mu riƙa tambaya kafin mu gina.