Tsohuwar Fijo Da Shekarun Tayarta

Duk wanda ya yi wayo a ƙarnin da ya shuɗe ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An soma ƙera ta a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna, kuma ta daɗe tana jigilar fatake da hajarsu tsakanin Garwa da Marwa.

Tayar da ta ɗauki wannan nauyi ita ma tana da nata tarihin. A 1888 John Dunlop ya yi wa keke tayar iska, a 1946 kuma kamfanin Michelin ya yi rajistar tayar radiyal mai ɗamarar waya, wadda ta fi ta da ƙarko da riƙe kwalta.

Direbobin wancan zamani da zane suke auna taya, domin mota kullum tana bisa hanya, zane kan cinye kafin roba ta tsufa. Yau kuwa Fijon da ta rage takan yi watanni a ajiye. Rana da zafi su busar da robar, ta ƙandare, ta tsattsage, alhali zanenta na nan daram. Ranar da aka hau jiƙaƙƙiyar kwalta sai a taka burki, mota ta ƙi tsayawa.

Tun daga 2000 ana buga lambobi huɗu a gefen taya: 1218 na nufin mako na 12 na shekarar 2018. Wanda ya gaji motar mahaifinsa ya duƙa ya karanta, in taya ta kai shekara goma ya sauya ta, kome kyan zanenta.

Allah ya kiyaye hanya.